Kayan tarihin soja da marigayi ɗan sanda ya bari

Allah ya jiƙansa, bawan Allah nan in ka cire aikinsa na ɗan sanda ba abin da yake so kamar tarihin soja, lambobin yabo, bajoji, kaki, wasiƙun yaƙin 1914 zuwa 1918 da na 1939 zuwa 1945 duk ya tara. Da aka tattauna yadda iyalinsa za su yi da su, kowa ya yarda a fara ɗaukar hoton komai a rubuta bayaninsa kafin a ba kowa ko da maɓalli ɗaya ne.

Lambobin nan don Allah kar a goge su da man goge ƙarfe, kuma kar a raba su da takardun mai su, domin na Birtaniya na yaƙin duniya na farko za ka ga sunan sojan da lambarsa ta soja a gefen ƙarfen, da su ake gano ko wanene. Kaki na ulu kuwa asu da danshi ne ke cinye shi, a nisanta shi da rana ma.

Gurneti ko harsashi komai tsufansa kar a taɓa, a kira masu kwance bam. A kan maganar kai kayan gidan tarihi ne aka rabu, wasu na tsoron a jibge kayan a sito, sai aka ce a tambayi masu gidan tarihin tukun ko za su baje su mutane su gani.