Za a rushe tsohon laburaren jami'armu, in sa hannu a takardar ƙorafi ko in bari?

Ɗalibar Aji Uku:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar masu ilimin gini ko waɗanda suka san yadda ake tafiyar da jami'a. A jami'armu, ta gwamnati ce kuma babba, ba sai na faɗi suna ba, an fitar da sabon tsarin gine-gine kuma a ciki har da rushe tsohon laburare, ɗaya daga cikin gine-ginen farko da aka yi lokacin kafa makarantar, wai za a ɗora katafaren bene mai ɗakunan lakca a wurin. Tsofaffin ɗalibai sun ta da ƙura, ana ta yawo da takardar ƙorafi a sa hannu. Ni wallahi zuciyata ta kasu biyu. Ginin yana da kyau, ko rana ta take in ka shiga barandarsa sanyi za ka ji, amma rufin yoyo yake, benen sama an garƙame shi da kwaɗo tun kafin mu shigo, ga shi muna ɗaukar lakca wasu a tsaye wasu ta taga. To ta yaya ake gane ginin da ya cancanci a bar shi? Tsufa kaɗai ya isa dalili?

Injiniyan Gini:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki sa hannu a komai ki fara tambaya, akwai rahoton injiniya kan lafiyar ginin? Wa ya rubuta shi? Wannan na biyun ya fi muhimmanci, domin in wanda zai samu kwangilar sabon ginin shi ya duba tsohon to kin san amsar da zai bayar.

Yoyo ba hukuncin kisa ba ne ga gini. Abin da muke dubawa shi ne fandisho ya nutse ko bai nutse ba, tsagewar bango tana ƙaruwa ko ta tsaya, sai kuma rodin da ke cikin kankare. Yadda abin yake, sabon kankare yana kare rodi daga tsatsa, amma da shekaru suka ja iska tana ratsa shi a hankali kariyar ta ragu, in ruwa ya samu hanya rodin ya fara tsatsa, ita kuma tsatsa kumbura take, sai ta turo kankaren ya fashe ya riƙa zubowa ɓangare-ɓangare kina ganin ƙarfe a fili. In wurare kaɗan ne ana sassaƙewa a goge rodin a ƙara wani a mayar. In ya ci ginshiƙai da yawa, nan ne kuɗin gyara ke iya zarce na sabo. Ba a gane wannan da ido daga tsakar gida, sai an huda an ɗebi samfuri an kai gwaji.

Kuma yawanci in kika bi salsalar lalacewar za ki tarar indararo ne ya toshe da ganye aka bar shi damina bayan damina. Ɓarakar da allura za ta ɗinke ce aka bari har ta ci rigar.

Ma'aikacin Ofishin Kuɗi:

Injiniya ka yi magana amma bari in faɗi ɓangaren da masu takardar ƙorafi ba sa son ji. Mafi yawansu sun gama makaranta sun tafi, ba su ne ke tsayuwa a taga ba. Jami'ar da aka tsara wa ɗalibai 'yan dubbai yanzu ta ninka sau da yawa, fili a tsakiyar harabar ya ƙare, in ka kai sabon gini can bayan gari ɗalibi ba zai iya fita wannan lakca ya riski waccan ba. Sannan tsofaffin gine-ginen nan ba lifta, matakala kawai, mai keken guragu ina zai bi? Wayarin ɗinsu ba a yi shi don ɗaruruwan kwamfutoci ba. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne.

Ga kuma maganar kuɗi. Kuɗin da ke zuwa wa jami'ar gwamnati na sabon gini daban, na gudanar da yau da kullum daban, kuma gyara a na biyun yake, yana gogayya da wuta da ruwa da albashi. Mai ba da gudummawa ma ya fi son a ɗora sabon gini a manna sunansa a yanka kirtani, da wuya ka samu wanda zai ce ga kuɗi a canza rufi. Ban ce haka ne daidai ba, ni ma abin yana ci min rai, amma haka yake. Don haka duk mai cewa a bar ginin ya zo da amsar wa zai biya kuɗin kula da shi duk shekara, in ba haka ba kwaɗon nan da ke benen sama zai sauko ƙasa ne kawai.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Laburare:

'Yata, ni abin da ya tsaya min a rai a bayaninki shi ne benen da aka rufe. Me ke ciki? Na rantse in kika bincika za ki samu kundayen digiri ne da tsofaffin jaridu da takardun kafa makarantar jibge a ƙarƙashin rufin da ke yoyo da wayoyin da ba wanda ya duba.

Mutane suna tsoron katafila, ni gobara na fi tsoro. A watan Satumba na 2020 babban ginin Jami'ar Makerere a Uganda ya kama da wuta cikin dare, farin ginin nan mai shuɗayen tagogi da aka kammala a 1941, bincike ya nuna matsalar wutar lantarki ce. An sake gina shi da kamanninsa an buɗe a 2024, amma takardun da suka ƙone a ofisoshi fa? A watan Afrilu na 2021 wutar daji ta gangaro daga dutse ta cinye ɗakin karatu na Jagger a Jami'ar Cape Town inda ake ajiye tarin littattafan nazarin Afirka, abin da ke ɗakunan ƙasa ya tsira daga wuta amma ruwan kashe gobara ya shiga, sai da mutane suka yi ta fito da kaya a akwatuna hannu da hannu. Mafi muni shi ne gidan tarihin ƙasar Brazil a Rio, wanda jami'ar tarayya ta birnin ke kula da shi, ya ƙone a Satumba 2018 a shekarar da ya cika 200, da kaya kusan miliyan 20 a ciki mafi yawa suka tafi, 'yan kwana-kwana sun zo suka tarar famfunan kusa ba ruwan kirki. Na yi kuka ranar da na ga hotunan nan, wallahi, don na san abin da ake nufi da takardar da kwafinta ɗaya ne a duniya.

To ko a rushe ko kar a rushe, ku fara neman a fitar da abin da ke benen nan a yi masa rajista a ɗauki hotonsa a kwamfuta. Wannan ba ya jiran kowane kwamiti.

Ɗalibar Aji Uku:

Na gode Mama, gaskiya ban taɓa tunanin abin da ke ciki ba kuma zan tambaya. Amma har yanzu tambayata ta farko tana nan, ginin bai kai shekara ɗari ba, na kankare ne ba wani fada ko masallacin da ba. Shi ma tarihi ne? Kuma maganar yallaɓai na ofishin kuɗi ta kama ni, mu muna buƙatar wurin zama.

Malamin Zanen Gini:

Tarihi ne mana. A Amurka ma ƙa'idar da aka saba bi wajen sa gini a rajistar tarihi ta ƙasa shekara 50 ce. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa harabar babbar jami'ar Mexico, UNAM, cikin kayan tarihin duniya a 2007 alhali a farkon shekarun 1950 aka gina ta, haka harabar jami'ar Karakas a Venezuela da Carlos Raúl Villanueva ya zana ta shiga tun 2000, duk kankare ne. Amma ki lura, a 2020 wani ɓangare na rumfar kankaren da ɗalibai ke bi a ƙarƙashinta a Karakas ɗin ya rufto, sunan UNESCO bai share masa magudanar ruwa ba.

Ba kowane tsohon gini ne ake riƙewa ba, a nan ina tare da yallaɓai. Ana duba wa ya zana shi, me ya faru a cikinsa, akwai irinsa da yawa ko shi kaɗai ya rage, sannan wane matsayi yake da shi a tsarin harabar, don wani ginin in aka cire shi duk hanyoyi da filin da ke kallonsa sun rasa ma'ana. Sanyin da kika ce kina ji a baranda shi ma hujja ce babba. Masu zanen wancan zamani, irin su Maxwell Fry da Jane Drew a Jami'ar Ibadan ko Arieh Sharon a Ile-Ife, sun yi aiki da inuwa da bango mai huji-huji da fuskantar iska saboda ba su dogara da na'urar sanyaya ɗaki ba. Sau da yawa abin da ake maye gurbinsu da shi akwatin gilashi ne da in wuta ta ɗauke ba mai iya zama ciki. Ga shi siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, simintin da ke jikin tsohon ginin kuwa an riga an fitar da nasa hayaƙin.

Inda na saba da yallaɓai shi ne ɗauka cewa zaɓi biyu ne kawai. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan adana gine-gine ta ce a riƙa kula da gini a kai a kai kuma a ba shi aiki mai amfani ga jama'a, abin da aka ƙara kuma ya zama ana iya bambance shi da na asali. A Jami'ar Virginia ta Amurka, ginin Rotunda da tsohon shugaban ƙasar Thomas Jefferson ya zana an gama shi a 1826, asalinsa laburare ne, ya ƙone a 1895 aka sake gina shi, littattafai sun koma wani ginin tun tuni amma har yau ana karatu da taro a ciki, ɗakunan da ke jere a gabansa ma ɗalibai ke kwana a ciki. Naku ma babban zauren karatu yana iya zama ɗakin lakca, a manna lifta daga waje, a canza wayarin gaba ɗaya, sabon benen a ɗora shi a baya ko a wurin ajiye motoci.

Don haka in takardar nan cewa kawai take kar a taɓa, ni ba zan sa hannu a haka ba, zan nemi a gyara ta. A rubuta a ciki cewa a fitar da rahoton injiniya mai zaman kansa, a kawo kuɗin gyara da na rusau da sabon gini gefe da gefe tare da yawan kujerun da kowanne zai samar, kuma majalisar gudanarwa ta ware kuɗin kulawa na shekara-shekara.

Injiniyan Gini:

Ƙari kan maganar malam, ƙanwata ku sa maganar asbesto a takardar, wato wani ma'adini mai zare-zare da ake haɗawa a kayan gini. Gine-ginen wancan lokaci da yawa silin da kwanon rufinsu na asbesto ne, in yana zaune ba a taɓa shi ba haɗarinsa kaɗan ne, amma in aka farfasa ƙurarsa tana shiga huhu kuma cutar sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. Ko gyara za a yi ko rusau dole a cire shi a jiƙe, ma'aikata da takunkumi na musamman, a killace wurin, kuma wannan kuɗin ya kamata ya fito a lissafin duka ɓangarorin biyu. Ku tambaya ko an saka shi.