Yaya kuke auna zafin diyod da tiransisto idan sun ɗau zafi?

Ɗalibin fizis, Kofar Marusa: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Aikin kammala karatuna a kan yadda silikon, sinadarin da ake ƙera diyod da tiransisto da shi, ke sauya hali ne idan ya yi zafi. Na tsoma diyod, ɗan kayan lantarkin nan da ke barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai, cikin gwangwanin man inji bisa risho, ma'aunin zafi a gefe, ina duba mita. Daga digiri 30 zuwa 110 komai lafiya lau, boltejin da ke kansa yana raguwa da kusan milibolt 2 a kowane digiri, kamar yadda aka koya mana. Ina haura nan sai lambobi suka fara rawa. Kwana uku ke nan ina fama. Wa ya taɓa cin karo da haka?

Mai gyaran inbata, Kofar Kaura: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni bindigar awon zafi ce ta taɓa jawo mini asara. A bazarar bara na saita ta kan alminiyon da ake ɗaure tiransisto, masu kunna wuta da kashe ta a cikin inbata, a jiki, ta nuna 45, na ce da mai kaya ya ɗauka. Kwana biyu ya dawo da ita tana ƙauri, tiransisto huɗu sun fashe. Ashe ƙarfe mai sheƙi ruɗa bindigar yake. Yanzu baƙin salatif nake mannawa in auna a kansa. Wurin da ta ce 45, sai ga shi ya haura 80.

Malamin kimiyya mai ritaya: Ɗana, kana motsa man kuwa? Na yi wannan gwajin da ɗalibai shekara da shekaru. Man ƙasan gwangwani ya fi na sama zafi, to ma'auninka na faɗin zafin wani wuri, diyod na zaune a wani. Ɗaure su tare da siririyar waya, ka kashe risho, ka riƙa karantawa yayin da man ke hucewa. Wutar da kake ba diyod ɗin ma kada ta wuce miliamfiya 1 (ɗaya cikin dubu na amfiya, ma'aunin wutar da ke gudana), don kada ya dumama kansa.

Abin da mai inbata ya gani kuma, ko 80 ɗin zafin waje ne, can ciki ya fi haka. Silikon yana wuce da zafi da kusan wat 150 a mita a digiri a zafin ɗaki, amma wajen digiri 127 ya sauko kusan 100. Wato yana ƙara zafi, yana ƙara kasa fitar da shi. Masu ƙera tiransisto yawancinsu sun tsaida iyaka a digiri 150, alhali silikon ba ya narkewa sai 1414.

Mai haɗa sola, Daura: Allah ya ƙara lafiya, Malam. Mu a kan kwano muke ganin namu. Wat ɗin da aka rubuta a bayan farantin sola na digiri 25 ne, kowane digiri sama da haka yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari. A Afrilu na manna wayar awo a bayan wani da azahar, 68 na gani. Tun daga ranar nake barin tazarar taƙi tsakaninsa da kwano.

Mai gyaran waya: Ɗalibi, in za ka kusanci digiri 180, manta da dalma, a 183 take narkewa. Matse ƙafafun diyod ɗin da kusa mai zare.

Ɗalibin fizis: Wallahi Baba ban taɓa motsawa ba, ma'aunin ma a saman man yake lilo. Gobe in sha Allahu zan ɗaure su in auna a hucewa. Yaya mai inbata, in akwai mataccen allo da diyod ɗinsa ke da rai, zan biyo shago bayan la'asar.