Neman shawara: kunun zaƙina ya ƙi sakin jiki duk da ina zuba tsiro

Mai tambaya, daga wajen Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina dama kunun zaƙi na sayarwa ranar kasuwa, tiya biyu na gero. Sukari ya yi tsada, shi ya sa na koma zuba tsiron gero da ɗanyen dankali a markaɗe. Wata rana ya yi zaƙi ya saki jiki, wata rana ya zauna kirtif kamar koko, salam. Ina sheƙa tafasasshen ruwa ne a kan ƙullun gaba ɗaya. Don Allah ina matsalar take?

Malamin kimiyya, Gaya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tafasasshen ruwan nan ne ke kashe miki aiki. Abin da ke kawo zaƙi a tsiro da dankali wani sinadarin furotin ne da ake kira inzayim, wannan sunansa amiles. Sitacin gero doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin sukari, harshe ba ya jin zaƙinta sai an daddatsa ta. Amiles iri biyu ne ke wannan aiki, alfa da beta. Alfa yana yanka sarƙar ta tsakiya, shi ke sa kauri ya saki cikin mintuna. Beta, wanda ya yi yawa a dankali, yana guntsuro ta daga baki bibbiyu, a samu sukarin maltos.

Kowane inzayim yana da ɗan gurbi a jikinsa da ya dace da abu ɗaya, kamar kwaɗo da mukullinsa. Sitaci ya shiga gurbin, a yanke shi, ya fita, wani ya shigo. Shi inzayim ba ya ƙarewa a aikin, shi ya sa kaɗan ke isa. Amma zafi mai tsanani yana murɗe siffarsa, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa in ya dahu, kuma ba ya komawa. Amiles ɗin tsiro da na dankali ya fi aiki wajen digiri 60 zuwa 65. Ruwa kuwa yana tafasa a wajen 100. Ranakun da ya yi miki kyau, mai yiwuwa ruwan ya ɗan huce kafin ki zuba.

Inna mai kunu, Kazaure:
'Yata, raba ƙullun nan uku. Kashi biyu ki dama da tafasasshen ruwa sosai har ya yi kauri ya yi sheƙi, don tsiro ba ya cin ɗanyen gasara da kyau, sai wadda ta nuna. Kashi ɗaya ki ajiye shi ɗanye, a cikinsa tsiro da dankalin za su kasance, markaɗensu daban. Ki bar damammen ya sha iska har tururi ya ragu, in kin ɗora tafin hannu a jikin robar za ki iya ƙirga uku kafin ki janye. Sannan ki juye ɗanyen, ki juya da muciya. A gaban idonki muciyar za ta fara tafiya sakayau. Ki rufe, ki lulluɓe da bargo awa biyu kafin ki buɗe. Tsiro kashi ɗaya cikin goma na geron ya wadatar. In kina sa tsamiya ko lemon tsami, sai daga ƙarshe.

Malamin kimiyya, Gaya:
Inna ta faɗi gaskiya kan tsami. Tsami yana rage wa amiles ƙarfi, don haka ƙullun da ya kwana ya yi tsami kafin a haɗa ba zai yi zaƙi sosai ba. Haka yake a jikinmu: amiles ɗin yawu yana aiki a baki, yana isa tumbi tsamin ciki ya tsayar da shi.

Ma'aikacin gona, Dambatta:
Hajiya, ki duba tsiron ma. Busasshiyar ƙwaya ba ta da alfa ɗin kirki. Sai ta sha ruwa ɗan tsiron da ke ciki ya aika saƙon wani sinadari, jibarelin, zuwa fatar da ke ƙarƙashin dusa, ita kuma ta fara ƙera amiles don ya narkar masa da abinci. Ƙwaya ba ta kunna wannan aiki sai ta tabbatar akwai laima. Saboda haka tsiron kwana ɗaya bai isa ba. Ki jiƙa gero ya kwana, ki tsane, ki baza a jiƙaƙƙen buhu ki rufe, yayyafi safe da yamma, kwana uku. Da hunturu ya kan kai huɗu ko biyar. Ki shanya a rana, kada ki soya ko ki kanga a wuta. In ya yi fumfuna ko warin ruɓa, zubar da shi. In da dawa kika yi, lallai ki murje saiwa da kan tsiron ki sheƙe su tas, don akwai guba a cikinsu, irin wadda ke kayar da dabba in ta ci ƙaramar dawa a gona.

Ma'aikaciyar lafiya, Ringim:
Yaya, zaƙin maltos bai wuce rabin na sukarin shago ba, za ki rage sukari ne kawai, ba lallai ki daina ba. Kuma in mai ciwon suga ya tambaye ki, kada ki ce masa babu sukari a ciki. Wannan ma yana hawar da sugan jini.