Neman shawara: hoton Wata ya ƙi fitowa da kyau a katin gaisuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa katunan gaisuwa ina sayarwa, na taya murna da na barka da haihuwa. Kwanaki na ce bari in gwada sabon salo, in riƙa sa hoton doron Wata a gaban katin. Na sauko da hoton cikakken Wata daga intanet, a waya ya yi kyau ƙwarai, amma da aka buga min guda 20 na gwaji sai ya fito fari fat kamar faranti, ramukan nan duk ba a ganinsu, baƙin sararin kuma ya koma toka-toka. Ga shi wani ya tsorata ni wai NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, za ta iya kai ni ƙara in na sayar. Don Allah masu sani ku taimaka, ina na kuskure?

Wani mai ɗaukar hoto: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun wajen zaɓen hoto aka samu matsala. Idan Wata ya cika, hasken rana yana sauka masa ne kai tsaye daga gaba, babu inuwa, ita kuwa inuwa ita ke fito da zurfin rami da tsayin dutse. Nemi hoton da aka ɗauka Wata na ɗan kwana bakwai ko takwas, lokacin da ya kai rabi. Dubi layin da haske ya haɗu da duhu, a nan ramuka suke fitowa ɓaro-ɓaro kamar ki sa yatsa ki taɓa. Cikakken Wata yana da abu ɗaya dai da ya fi kowane lokaci: ramin Tycho, mai faɗin kusan kilomita 85, da fararen layukan da suka bazu daga gare shi. In shi kike so, ki yanko wannan ɓangaren kawai ki ƙara masa duhu kaɗan.

Wata mai aikin ɗab'i: Gaskiyarsa, amma ni girman hoton nake zargi. Abin da aka sauko da shi ta waya ko aka turo ta WhatsApp yawanci an matse shi. Katin inci 5 da 7 yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, wato hoton ya kai fiksel 1500 da 2100. Baƙin kuma, allo haske yake fitarwa, takarda tawada take sha. In aka buga da baƙar tawada zalla dole ya kode. Ki ce wa mai bugawa ya cakuɗa baƙin da ɗan shuɗi, ja da rawaya, kuma ki bar rarar milimita 3 a kowane gefe don kada farin layi ya leƙo bayan yanka. Takarda mai ƙyalli tana riƙe baƙi sosai, sai dai tana nuna zanen yatsa, wanda kuwa zai riƙe kati da hannu sai ya bar shaida. Ni marar ƙyalli nake so.

Wani dattijo: 'Yata, kwantar da hankalinki kan batun ƙara. Hotunan da NASA ta ɗauka da kanta galibi ba su da haƙƙin mallaka, domin aikin gwamnatin Amurka ne. Abu biyu za ki kiyaye: kada ki sa tambarinsu a katinki, kada kuma ki yi kasuwanci da fuskar ɗan sama-jannatin da ake iya gane shi ba tare da izini ba. Hoton sawun takalmin da ɗan sama-jannati Buzz Aldrin ya ɗauka a doron Wata a 1969 babu fuska a ciki. Haka hoton duniya tana leƙowa ta bayan Wata, wanda William Anders ya ɗauka daga kumbon Apollo 8 ranar 24 ga Disamba, 1968. Wannan na biyun ma ya fi dacewa da kati, tunda akwai shuɗin duniya da ke karya tokar.

Mai ɗaukar hoton ya ƙara: A kula dai, ba kowane hoton da ke shafin NASA ne nata ba. Da yawa na masu ɗaukar hoto ne masu zaman kansu, sunansu na rubuce a ƙasa, waɗannan sai da izini. In kina son doron Wata kusa-kusa, nemi na kumbon NASA mai zagaya Wata, wato LRO, da aka harba a 2009. Ki rubuta tushen hoton a bayan katin da ƙananan baƙaƙe.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu, ashe hoton nawa fiksel 800 ne kawai, kuma ban ma san wa ya ɗauke shi ba. Na samo na Apollo 8 babba, gobe zan sa a buga min guda ɗaya tak a takarda marar ƙyalli in gani kafin in sake asarar 20.