Me za mu kira "default" a saitin sirri na burauza?

Bala: Assalamu alaikum. Ana fassara saitin sirri na burauza, kalmar "default", wato yadda saiti yake kafin mutum ya taɓa shi, ta tsaya mana a wuya. An kawo "zaɓin farko", an kawo "tsoho". Wanne za a ɗauka?

Injiniya Sa'a: Wa alaikumus salam. Malam Bala, duk kalmar da ke da "zaɓi" a ciki a ajiye ta, don a kan nan aka yi rigimar DNT, siginar "kada a bi sawuna". Burauza kan liƙa ɗan layi a kan kowace buƙata da ta aika wa shafi. Hali uku ne: in layin ya ce 1, ban yarda a bi sawuna ba; in ya ce 0, na yarda; in babu layin, mutum bai ce uffan ba. Daftarin W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ya ce layin ya zama ra'ayin mai amfani, ba na kamfani ba. A 2012 Microsoft ta fito da Internet Explorer 10 da siginar a kunne a saitin gaggawa na Windows 8. Masu talla suka ce an ari bakin mutane, ba za su kula ba, har aka sa wa sabar Apache, manhajar da shafuka da yawa ke aiki a kanta, gyaran da ke share layin in daga wannan burauzar ya fito. A 2015 Microsoft ta janye. To in muka rubuta "zaɓin farko", mun ce mutum ya zaɓi abin da bai taɓa ba.

Usman: "Tsoho" ma bai yi ba, za a ɗauka saitin da aka daina ne. "Saitin kamfani" fa?

Injiniya Sa'a: Ya dace da waya. A kwamfutar ofis kuwa mai kula da na'urori na iya sauya shi kafin ta iso hannunka. Na fi son "saitin asali", halin na uku kuma "ba a saita ba".

Malama Hafsa: Na yarda da kalmar, Injiniya, amma ban ga laifin Microsoft sosai ba. Ƙa'idar ba ta da hukunci, shafin da ya ga dama ne yake bi. Burauzar Safari ta cire DNT a 2019 don layin kansa ƙarin alama ne da ake gane mutum da ita, a shekarar W3C ta rufe kwamitin da ke tsara shi, Firefox kuma ta cire a siga ta 135. Magajinsa GPC, siginar "kada a sayar da bayanaina", yana da dokar Kalifoniya a bayansa: a 2022 Sephora, kamfanin sayar da kayan kwalliya, ta biya dala miliyan 1.2, rashin mutunta siginar na cikin laifukan. Burauzar Brave a kunne take kawo shi.

Bala: Madalla. Maɓallin zai zama "Koma saitin asali". Ta yaya mai gwaji zai tabbatar siginar GPC na fita?

Malama Hafsa: Ya danna F12 a kwamfuta, ya shiga sashen Network, ya sake loda shafin, ya taɓa buƙatar farko. In ya ga Sec-GPC: 1 cikin layukan da aka aika, tana fita.