Appellation: wace kalma za ta ɗauke ta a Hausa?

Jama'a, a kawo min ɗauki. Kwana biyu ke nan ina fassara wani shirin rediyo kan kwarin kogin Duro da ke arewacin Fotugal, kalma ɗaya ta tsaya min a maƙogwaro. Faransawa suna ce mata appellation, mutanen Fotugal kuma denominação de origem. Na san abin da take nufi sarai, wato sunan wuri da doka ta keɓe wa kayan da aka yi a wurin, bakina ne ya kasa kama ta da Hausa.

Kafin wani ya ce Malam ya koma tallan giya: e, giyar inabi ake yi a kwarin. Ba na sha, ban kuma ce kowa ya sha ba. Kalmar nake bi, don tuni ta iso kan kilishinmu. Zan zo wurin.

Ga yadda abin ya samo asali. Yarjejeniyar 1703 tsakanin Ingila da Fotugal ta sassauta wa giyar Fotugal haraji a Ingila, kasuwa ta buɗe, kowa ya tsunduma. Sai 'yan algus suka shigo. A kwaso inabi daga ko'ina, a tsiyaya masa ruwan 'ya'yan wata bishiya don launi ya yi duhu, a ce ai na Duro ne. Masu saye suka farga, farashi ya karye. A 1756 babban ministan sarki, wanda daga baya aka fi sani da Pombal, ya kafa kamfani ya damƙa masa harkar, aka shata wa yankin iyaka. Duwatsu 335 aka sassaƙa aka kakkafa, wasu har yau suna nan tsaye a bakin gonaki. Ita kuwa bishiyar algus, umarni aka bayar a tumbuke ta.

Abin bai tsaya a iyaka ba. Yau akwai hukumar da ke ba kowace gona maki, daga A zuwa F. Ana duba tsayin tudun da take kai, da gangarenta, da irin ƙasarta, da irin inabin da aka dasa, har da shekarun kurangar. Makinka shi ke yanke yawan abin da za a bar ka ka sayar da sunan Porto, wato sanannar giyar kwarin. Ke nan kalmar da nake nema dole ta ɗauki abu uku a ka: wuri mai iyaka, ƙa'idar aiki, da hukumar da za ta ce wannan namu ne, wancan ba namu ba ne.

To, an fara amsawa. Wani ɗan'uwa ya ce "tambari". Na gode, ɗan'uwa, amma tambari na mutum ɗaya ne ko kamfani ɗaya, in ya ga dama ya sayar da shi, wanda ya saya ya ɗauke shi ya kai wata ƙasa ya ci gaba da aiki. Wannan kuwa na duk manomin da ke cikin iyaka ne, kuma ba ya ƙaura. Ka kwashe kurangar Duro ka dasa a Ostireliya, inabin zai yi, sunan ba zai bi ka ba.

"Hatimi" ma an kawo. Hatimi shi ne abin da ake mannawa a wuyan kwalba bayan an gama tantancewa. Ɗan aike ne, ba shi ne saƙon ba.

Wata Hajiya daga Maraɗi ta ce "tsagar gado". Hajiya, Allah Ya ƙara girma, wannan ta shiga raina. Da, kana ganin fuskar mutum ka san Bagobiri ne ko Babarbare, ba sai ya buɗe baki ba, kuma ba shi ya zaɓa wa kansa ba, gado ne. Har na rubuta ta a takardar. Da na karanta da ƙarfi, "tsagar gadon Duro", sai na ga mai sauraro zai zaci wanzami aka kai wa kwalba. In waƙa nake yi da ita zan tafi. Labaran ƙarfe bakwai suna son kalmar da ba sai an tsaya an yi mata sharhi ba.

Wani malamin makaranta ya ce me zai hana "shaidar asali". Da farko na raina ta, na ga kamar ba ta da gishiri. Sai ya tuna min da takardar da muke bin layi a sakatariyar ƙaramar hukuma mu karɓo, ta shaidar cewa kai ɗan asalin wuri ne, wadda sai mai unguwa ko dagaci ya tsaya maka kafin a sa hannu. Ranka ya daɗe, ka kashe bakina. Wuri mai iyaka yana ciki, mai tsaya maka yana ciki, sa hannun hukuma yana ciki. Har masu zagayawa ta bayan fage su samo ta bogi suna ciki, kamar dai 'yan algus na zamanin Pombal.

Hajiya ta dawo ta ce su a Nijar abin ba baƙo ba ne. Gaskiyarta. Ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ke rajistar irin waɗannan haƙƙoƙi ga ƙasashe da dama na Afirka, ta yi wa kilishin Nijar da jar albasar Galmi irin wannan rajista, kamar yadda ta yi wa masoron Penja na Kamaru tun 2013. Gwada ka ji: "An ba albasar Galmi shaidar asali." Ba wanda zai tambaye ka me kake nufi.

Saura ƙanwar appellation, wato terroir, ita ce ta fi taurin kai. Ita ce ke bayyana dalilin da ya sa aka ga wurin ya cancanci iyaka tun farko. A Duro kusan babu abin da manominmu zai kira ƙasa. Dutse ne mai ɓarewa falle-falle, mutane suka farfasa shi da hannu, suka gina katangu hawa-hawa a jikin gangare kamar matakala, irin wanda duk wanda ya taɓa hawa tsaunin Sukur na Adamawa zai gane. Saiwar inabi tana bin tsagar dutsen ta nutsa neman danshi. Tsaunin Marão yana tare ruwan da ke tasowa daga teku, shi ya sa yammacin kwarin ya fi samun ruwa, kana nausawa gabas wajen iyakar Sifaniya wuri na ƙara bushewa da zafi. Mutanen can da kansu suna cewa wata tara hunturu, wata uku jahannama. Dutsen, da zafin, da hannun da ya gina katangar, duka kalma ɗaya ta haɗe su. Saboda wannan aikin hannun ne UNESCO ta sa kwarin cikin kayan tarihin duniya a 2001.

Na so in ce "halin ƙasa", wani yaro ya ce, Baba, in ka faɗi haka a rediyo za a ɗauka zancen tsadar man fetur za ka yi. Ya fi ni gaskiya. Manomanmu dai suna da hanyarsu: "ƙasar nan tana karɓar albasa", "wancan fadamar ba ta karɓar rake". Fi'ili ne a bakinsu, ba suna ba, kuma a inda jimla ta ba ni dama haka zan bar shi. Inda dole sai suna, na ɗauki "ɗabi'ar wuri". Ban gamsu da ita ɗari bisa ɗari ba, wanda ke da wadda ta fi ta ya ajiye a ƙasa.

Ga yadda jimlar za ta fita gobe da safe: "Kwarin Duro na daga cikin yankunan noman inabi na farko a duniya da hukuma ta shata wa iyaka ta ba su shaidar asali, tun 1756, saboda ɗabi'ar wurin." Hajiya, tsagar gadonki na ajiye ta, akwai shirin kilishi a wata mai zuwa.