Zan koma Winneba sarin kifin banda, me ya kamata in sani?

Ɗan Zango Kumasi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina shirin komawa Winneba, garin bakin teku a kudancin Ghana, da iyali, in riƙa sarin kifin banda ina aikawa Kumasi da Techiman. Wane lokaci ne kifi ya fi araha, kuma yaya ake gane bandar da za ta jure tafiya? Na kuma ji ana bikin kama dabba a garin, wai kunkurun teku ma na fitowa bakin ruwa da dare. Masu sani ku taimaka.

Hajiya Mai Banda:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka kama ɗaki, ka fara riƙe kalandar teku. Ranar Talata masunta ba sa shiga ruwa, gyaran raga suke yi, saboda haka kada ka yi wa kowa alkawarin sabon kaya a ranar. Kakar kifi kuwa daga Yuli ne zuwa Satumba, lokacin da ruwan ƙasan teku mai sanyi ke tasowa sama, ƙananan kifin nan da 'yan ƙabilar Fante ke kira eban su yi yawa. Daga 2021 zuwa 2024 gwamnati ta riƙa hana masu kwalekwale fita duk watan Yuli, don haka kowace shekara ka bi sanarwa. Agusta ne watan zuba jari. Ka kuma riƙa duban sama: in wata ya yi goma sha huɗu, dare ya yi haske, kamu na raguwa, farashi ya hau. A duhun wata ake cika kwalekwale.

A bakin ruwa ba a awo da sikeli, da kwano ko daro ake sayarwa. Shugabar mata masu kifi, konkohemaa, ita ke daidaita farashin safiya da kwalekwalen da ya fara isowa. Yawancin kwalekwalen nan akwai matar da ta ba su kuɗin mai, kifin nata ne tun yana ruwa. Baƙo ba ya tsallake ta. Ka nemi mace ɗaya ko biyu masu murhu, ka saya a hannunsu.

Banda iri biyu ce, kuma a nan sabon shiga ke karyewa. Akwai ta awa biyu zuwa uku, mai taushi da nauyi, ga daɗi a miya, amma kwana uku ba ta wucewa. Akwai ta awa goma zuwa goma sha takwas, wadda ta bushe ƙayau, tana kai wata shida ko fiye in an kula da ita. Ta biyun ce taka. A murhun Chorkor ake yinta, na laka ko bulo, ana jera faifan katako mai ragar waya goma ko fiye, ɗaya bisa ɗaya. Faifan ƙasa ya fi shan wuta, dole a riƙa sauya su, na sama ya dawo ƙasa. Matar da ta yi ƙiwar sauyawa za ta ba ka kaya rabi ƙonanne, rabi ɗanye.

Gwaji ba wuya. Zaro kifi daga tsakiyar kwando, ba na sama ba, ka karya shi ta wajen kai. In ya karye ƙas, ƙashin bayan ya bushe, ya yi. In ya lanƙwashe, ko ka ga danshi a jikin ƙashi, fumfuna zai yi kafin Techiman. Ka girgiza kwandon a kan takarda. Gari na zuba, ƙwaro ya riga ka. Kada a ɗaure kifi da zafinsa, kada kuma a sa shi a leda, gumi zai yi. Kwando da takarda mai kauri, a ɗora kan katako. Wanda zai daɗe a ajiye, a riƙa mayar da shi murhu yana shan ɗan hayaƙi. Maganin ƙwari kuwa kada ya kusanci kifi, guba ce za ka ciyar da mutane.

Malam Injiniya:
Hajiya ta gama da kifi, ni gida zan taɓa. Iskar teku gishiri ne da ita, tana cin ƙarfe. Kwanon rufi na gama-gari, kwaɗo, ƙyauren ƙarfe, bayan firji, duk tsatsa ke cinye su, kuma gidan da ya fi kusa da ruwa shi ya fi shan wahala. Kafin ka biya kuɗin haya, ɗaga kai ka duba kan ƙusoshin rufi, daga nan yoyo ke farawa. Rufin alminiyam ya fi jurewa. Kwaɗo a riƙa ɗiga masa mai, babur a riƙa wanke shi da ruwan famfo. Ɗakin ajiyar kifi ya yi nesa da bakin ruwa, ya samu taga biyu masu fuskantar juna.

Yara kuma a ja musu kunne. Akwai wuraren da ruwan da ya bugi gaɓa ke komawa ciki da ƙarfi ta wata siririyar hanya. Wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina kwanciya, shi ne ma ke ruɗin baƙo. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye; ya yi iyo ta gefe, a layin gaɓa, sai ya fita daga jan.

Abu Zainab:
Bikin da ka ji sunansa Aboakyer, na Effutu ne masu garin, ana yinsa Asabar ta farko a watan Mayu. Ƙungiyoyin asafo biyu, wato mayaƙan gargajiya na garin, Tuafo da Dentsifo, ke shiga daji da sassafe, kowacce na neman kama mazo da rai, ba bindiga. Wadda ta riga kawowa gaban sarki ita ta ci, sarki ya taka dabbar sau uku. Daga baya ake yanka ta wa abin bautarsu, Penkye Otu, saboda haka Musulmi ya san inda zai tsaya. Ta fuskar kasuwa, makon nan masauki na cika, hanyar shiga gari daga mararraba na cushewa. Ka fitar da kayanka tun Laraba. Haka ma 1 ga Janairu, ranar gasar masu shigar ado da rufe fuska.

Kunkuru gaskiya ne. Daga wajajen Oktoba zuwa Fabrairu matan kunkurun ke fitowa da dare su haƙa rami su zuba ƙwai, musamman ta yamma da gari, wajen tafkin Muni, wanda ke cikin wuraren da aka keɓe don kare halittu tun 1992. Ƙaramin nau'in ya fi yawa, yana zuba ƙwai kusan ɗari, su ƙyanƙyashe cikin kwana 45 zuwa 60. Akwai kuma ƙaton mai baya kamar fata. Dokar namun daji ta 1971 ta hana kama su da ɗibar ƙwansu. In za ka kai yara kallo, ku bi jami'an gandun daji. Ba a haska tocila mai farin haske, ba a tsayawa gaban uwar: in ta firgita kafin ta fara zubawa, juyawa take ta koma ruwa. 'Ya'yan kuma haske suke bi, in suka ga fitila sai su bar teku su nufo gari, karnuka da hankaki su gama da su.

Hajiya Mai Banda:
Malam Abu, Laraba ta yi kusa, a ce Litinin. Kuma Mayu lokacin damina ne, itace jiƙe, kifi kaɗan, banda ba ta bushewa da kyau. A watan nan wanda ya ajiye kayan Agusta da Satumba shi ke cin kasuwa, in dai bai bar ƙwaro ya shiga ba.

Ɗan Zango Kumasi:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, kwando nawa ya dace mutum ya fara da shi?

Hajiya Mai Banda:
Biyar sun isa, kuma daga hannu biyu daban. Ka sa wa kowane kwando alama, in sun isa Kumasi a buɗe a gaya maka na wa ya iso lafiya. Ita za ka riƙe.